Sola a Ɗaki, Tsohon Kaset da Ɗaukar Murya da Waya: Tambayoyi da Amsoshi

Haɗa wutar sola da gyaran murya ba sana'ata ba ce, ƙwaƙwa ce ta kai ni, sai kuma 'yan'uwa da maƙwabta suka mayar da ni injiniyan unguwa. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini. Yawancin asarar da na gani, har da tawa, daga saye kafin lissafi ta fito, don haka za ka ga na fi daɗewa a kan lissafi. Ban sa farashi ba, domin kafin ka kai kasuwa ya canza.

Ina son ƙaramar sola a ɗakina don fitila da fanka da caji. Me zan fara saya?

Biro da takarda. Ɗauki kowane abu da kake son kunnawa, ka juya bayansa ko ka duba jikin cajarsa, za ka ga lamba da harafin W, wato wat. Ka ninka wannan lamba da yawan awoyin da abin zai yi a kunne a rana ɗaya, sannan ka tara duka.

Ga misalin ɗakin gwauro ko na ɗalibi. Ƙwan fitila biyu masu wat 7, na awa 5, sun ci 70. Fankar da ke aiki da batir kai tsaye mai wat 20, ta awa 8, ta ci 160. Waya uku, kowacce tana shan kusan 20 kafin ta cika, 60 ke nan. Rauta, wato na'urar raba intanet, mai wat 10 ta awa 10, 100. Laftof mai jan wat 50 na awa 3, 150. Jimla 540. Amma wuta tana zubewa a hanya, a cikin kebul da kwantirola (mai daidaita cajin batir) da inbata (mai mayar da wutar batir irin ta soket), saboda haka ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ka ce 700 don hankalinka ya kwanta. Wannan 700 ita ce abincin ɗakinka na kwana ɗaya.

Yanzu batir. Wanda aka rubuta wa 12V da 100Ah yana ɗauke da 1200, wato 12 sau 100. Sai dai idan na ruwa ne ko na darma, rabi kawai ya kamata ka ci, 600, in ba haka ba ka gajarta masa kwana. Ka ga bai isa ba ke nan, sai mai 150Ah. Na litiyam irin wanda aka rubuta wa LiFePO4 kuwa yana jure a ci kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, don haka mai 100Ah ya wadatar.

Fanel kuma, wato farantin sola, a ƙasar Hausa ana samun awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi a yawancin kwanakin shekara. Raba 700 gida 5, ka sami 140. Kada ka sayi mai wat 140 ka ce ka gama. Hazon hunturu da hadarin watan Agusta da zafin bazara duk suna cin rabonsu. Sayi mai 200.

Da wannan takarda a aljihu za ka shiga kasuwa. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan saitin yana ɗaukar komai." Ka tambaye shi komai ɗin wat nawa ne, kuma na awa nawa.

Zai ɗauki dutsen guga da hita?

A'a. Dutsen guga yana jan wat 1000 ko fiye, butar tafasa ruwa ta kan kai 2000. Wat 1000 daga batir mai bolt 12 ya haura amfiya 80, abin da zai narkar da siririn kebul. Ka bar guga ga na gawayi ko ranar da aka kawo wuta. Firji ma lissafinsa daban ne, domin lokacin da injinsa zai tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsa.

Akwai tsohon batirin mota a gida. Ba zai yi ba?

Zai yi na 'yan makonni, sannan ya mutu. An ƙera batirin mota ne don ya ba da ƙarfi mai yawa na daƙiƙa biyu ko uku a tada inji, sannan nan take a sake cika shi. Aikin sola kuwa tsotsa ce a hankali dare guda. Wannan sai batirin da aka yi don haka, irin dogon nan mai ruwa da ake kira tubula, ko na litiyam. Na litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma yana jure cikawa da saukewa sau dubbai, na darma kuwa ɗaruruwa zuwa dubu da wani abu idan an kula da shi. In aljihu zai iya, ni litiyam nake zaɓa.

Batirina na farko ni na kashe shi da hannuna. Na ajiye shi a sito mai rufin kwano, inda a watan Afrilu ko kaza ba ta shiga da rana, kuma kullum sai fanka ta tsaya da kanta nake sanin ya ƙare. Bai ga damina ta biyu ba. Daga baya na gane cewa zafi maƙiyin batirin darma ne: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana iya raba kwanansa biyu. Ka nema masa wuri mai inuwa da iska. Kada kuma ka sa mai ruwa a ɗakin kwana a rufe, domin yana fitar da iskar da ke kama wuta idan yana caji. In ruwansa ya ragu, ruwan batir za ka ƙara, ba na rijiya ba, ba fiya wata ba.

Ina fanel zai fuskanta?

Kudu. Ka fuskanci gabas, hannunka na dama shi ne kudu. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Yamai da Damagaram sun ɗan haura 13, don haka karkatar digiri 12 zuwa 15 ta isa. Kada ka kwantar da shi shimfiɗe, ƙura za ta zauna, ruwan sama kuma ba zai wanke ta ba. Kada ka manna shi a jikin kwano, bar tazarar da hannu zai shiga, domin fanel yana rage ƙarfi idan ya yi zafi. Ka lura da inuwa: reshen dalbejiya ɗaya ko sandar eriya da ta gitta a kusurwa tana iya karya ƙarfin fanel ɗin gaba ɗaya, ba wurin da ta rufe kaɗai ba.

Da hunturu, goge shi sau biyu a mako da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Ta yaya zan haɗa su, kuma a ina ya kamata in tsaya in kira mai aikin wuta?

Kwantirola ce a tsakiya, ita ke hana fanel cika batir fiye da ƙima. Batir ake fara haɗa mata, sannan fanel. In za a kwance, fanel ake fara cirewa. Ja zuwa alamar tarawa, baƙi zuwa alamar ɗebewa, kuma ka duba sau biyu kafin ka ɗaure. Sa fis a jan kebul, kusa da kan batir. Mutane suna raina bolt 12 saboda ba ya jan mutum, amma in sifana ta faɗa tsakanin kawuna biyu na batir za ta yi ja wur kafin ka ce kwabo. Cire zobe da agogo kafin ka fara.

Kebul ɗin ya zama mai kauri kuma gajere, na jan ƙarfe na gaske. Kasuwa cike take da na alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe. Kankare bakinsa da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka mayar.

Kwantirola iri biyu ce. Mai PWM tana da araha kuma ta isa ƙaramin saiti, muddin fanel ɗin na bolt 12 ne. Mai MPPT ta fi tatsar ƙarfi, kuma dole ce idan ka sayi manyan fanel ɗin nan masu bolt 30 ko 40. Ka yi hattara, akwai masu rubutun MPPT a jiki amma cikinsu ba haka ba ne. Ta gaske tana da nauyi a hannu.

Iyakar aikin hannunka ita ce nan: fanel, kwantirola, batir, da soket ɗin da ke jikin inbata. Ranar da ka so wutar inbata ta shiga wayoyin bangon gida, kira mai aikin wuta ya sa maka canjin layi. In ba haka ba, za ka iya tura wuta zuwa layin waje ta kama wanda ya hau fol yana gyara, ko kuma a kawo wuta ta ƙone maka inbata.

Dole ne sai da inbata?

Ba dole ba. Fitila da fanka da talabijin masu aiki da bolt 12 kai tsaye suna nan, waya kuma tana caji daga ramin USB na kwantirola. Inbata tana cin kashi 10 zuwa 15 na abin da ya ratsa ta, kuma ko ba a kunna komai ba tana shan wuta, don haka kashe ta in za ka kwanta. In za ka saya don laftof da kayan ɗaukar murya, nemi wadda ake kira fiya sayin. Mai arahar tana sa fanka gurnani, kuma tana cusa wani zuuu a cikin duk muryar da ka ɗauka.

Muna da kaset-kaset na marigayi mahaifinmu. Yaya zan mayar da su waya?

Wannan shi ne aikin da na fi so a gaggauta. Batir in ya mutu a sayi wani, kaset kuwa in ya lalace shi ke nan. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, kuma waɗanda ke cikin akwatunan iyayenmu sun shekara talatin ko arba'in suna shan zafi da ƙura.

Abu na farko, ka duba saman kaset ɗin ta gefen da ba zare, akwai 'yan ƙananan marafe biyu. Ka ɓalle su. Da zarar an ɓalle, ko yaro ya danna jan maɓallin ɗauka ba zai goge ba. Sannan ka zura biro a rami ka juya a hankali ka ji ko zaren yana tafiya. In ya cije, kada ka matsa masa.

Sai rakoda. Wadda ta daɗe a ajiye, yawanci robar da ke juya ta ta saki ko ta narke, kuma masu gyaran rediyo na tsohuwar kasuwa suna canza ta cikin minti kaɗan. Goge kan ƙarfen da zare ke bi da auduga da ɗan sifirit. Gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, domin in za ta ci zare gara ta ci wancan.

Haɗi kuma daga ramin iyafis na rakoda ne zuwa kwamfuta. Ramin yawancin laftof na yanzu na makirufo ne, sautin rakoda ya fi ƙarfinsa, don haka ka nemi ɗan ƙaramin akwatin sauti mai shiga ta USB wanda ke da ramin shigar layi. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. Rage ƙarar rakoda har sandar awon sauti ta riƙa tsayawa wajen alamar -6, kada ta taɓa ƙarshe. Ka sa wa rakodar batir, ka cire cajar laftof, zuuu ɗin zai ragu. Ba gajeriyar hanya: kaset mai C90 minti 90 zai ci, ka zauna ka saurara.

Ka ajiye na asali a tsarin WAV, wanda ke cin kusan megabait 10 a minti, kaset guda ya kusa gigabait ɗaya. Sannan ka fitar da MP3, mai cin kusan megabait ɗaya a minti, don rabawa dangi.

Na asalin nan kada ka taɓa shi. Da na yi na gidanmu, kaset ne da Baba ya ɗauka ranar sunan ƙanwata. Na zauna na yanke duk wuraren da ba a magana, na tace shuuu ɗin tas, na kai wa Inna ina jin kaina. Ta kara wayar a kunne, ta yi shiru, can ta ce, "Kai, ɗan nan, ina dakan?"

Na ce, "Wane daka, Inna?"

"Bayan Malam ya yi addu'a ana jin taɓarya. Yaya ce ke dakan fura, Allah ya jiƙanta. Ina ka kai shi?"

Allah ya so ban goge na farkon ba. Shi take ji har yau, da shuuu ɗinsa da carar zakara da komai.

Kaset ɗin bidiyo na biki fa, da faya-fayan CD?

Hanya ɗaya ce, sai dai na'urar ta fi wuyar samu. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016, don haka sai ta hannu. Za ka buƙaci ɗan abin kama hoto mai USB da ke karɓar wayoyin nan uku, rawaya da fari da ja. A manhajar ka zaɓi PAL in a Najeriya ko Ghana aka ɗauki kaset ɗin. In ka hango farin fumfuna a jikin zaren ta tagar kaset, kada ka saka shi, zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa na gaba.

CD da DVD kwafewa kawai ake yi zuwa kwamfuta, amma kada ka jinkirta, domin waɗanda aka buga a shago suna ɓarewa. Kuma kafin ka watsa bidiyon bikin 1995 a zauren dangi na WhatsApp, ka nemi izinin gwaggonninka. Wadda ta cashe a gaban kalangu a lokacin, yau Hajiya ce mai jikoki.

Tsofaffin hotuna da takardun ajami?

Waya ta isa. Shimfiɗa hoton kusa da taga, inda haske yake amma rana ba ta dukansa, kashe filasha, riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Manhajar PhotoScan ta Google tana kawar da ƙyalli. Ɗauki bayan hoton ma in akwai rubutu ko hatimin mai hoto. Takardun kakanni kada a kai su a liƙe da leda mai zafi, ba a iya cire ta kuma. Sannan ka zauna da tsohuwar gidan ta faɗa maka sunan kowa, ka rubuta.

A ina zan ajiye su don kada su ɓace?

A wuri uku, ɗaya daga ciki ba a gidanka ba. Misali kwamfuta, da filash ko had-disk da za ka bar wa ɗan'uwa a wata unguwa, da intanet. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke rabon su, kuma tun 1 ga Yuni 2021 hotuna ma cikin wannan adadi ake lissafa su. Rubuta kalmar sirrin a takarda ka adana. Na ga mutane da yawa da mai shagon waya ne ya buɗe musu asusu, wayar ta faɗi, ba su san ko sunan asusun ba.

WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Yana matse hoto da bidiyo, sai in ka tura su a matsayin takarda.

Memori na jabu kuma ya yi yawa. Zai nuna maka gigabait 64 alhali 8 ne a ciki, kuma ba za ka sani ba sai ka wuce takwas ɗin, fayiloli su fara ƙin buɗewa. Ƙaramar manhajar H2testw a kwamfuta mai Windows tana cika memorin ta karanta shi, ta faɗa maka gaskiyarsa. Yi wannan gwajin kafin ka zuba masa wani abu.

Ina ɗaukar karatu da waya amma muryar kamar daga cikin rijiya. Sai na sayi makirufo mai tsada?

Ɗakin ne, ba makirufo ba. Bangon siminti da tayil da silin suna mayar da murya. Koma ɗakin da ke da katifa da labule da kafet da kaya a rataye. Ɗakin amarya ya fi kowane falo kyau wajen ɗaukar murya. In babu, jingina katifa a bango, rataya bargo a bayanka.

Sannan ka matso. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da waya, a ɗan karkace don kada iskar "f" da "b" ta buge ta. Ƙaramin makirufo mai maƙalawa a wuyan riga ya isa, musamman in bidiyo ne kuma wayar tana nesa. Kashe fanka, jure zufar minti goma. Sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ka. Lokaci kuma, a unguwarmu bayan an idar da sallar asuba zuwa kafin 'yan makaranta su fito ya fi, janaretocin maƙwabta sun yi shiru, masu adaidaita ba su fara ba. Ɗauki daƙiƙa ashirin ka saurara da iyafis kafin ka yi karatun awa guda.

Bidiyona yana fitowa da duhu.

Ka juya. Taga ta kasance a gabanka, ba a bayanka ba. Goge gilashin kyamara da gefen riga, jingina wayar da littattafai daidai tsayin idonka. Girman 1080 ya isa, 4K cika waya kawai zai yi, ya cinye data.

Idan na rubuta ƙ da ɗ da ɓ a kan bidiyo sai su koma akwati ko alamar tambaya.

Matsala biyu ce. In akwati ka gani, salon harafin da ka zaɓa ne ba shi da masu lanƙwasa. Canza zuwa Noto Sans ko Andika, dukansu kyauta ne kuma suna da su. In alamar tambaya ce ko wasu baƙaƙe barkatai, fayil ɗin rubutun da ke fitowa a kan bidiyon ne ba a adana shi a tsarin UTF-8 ba, sake adanawa ka zaɓe shi. Don rubutawa a waya, ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard. Kada ka ce a bar lanƙwasar kawai. Wanda ya rubuta "baki sun iso" ba abin da ya yi nufi ya faɗa ba.

Intanet ɗin rauta ba ya kaiwa zaure.

Fito da ita daga bayan talabijin, ɗora ta sama, a tsakiyar gida. Katangar ƙasa mai kauri da kwano da tankin ruwa duk suna tare ta. In tana da layi biyu, mai 2.4 ya fi ratsa bango, mai 5 ya fi sauri amma a kusa. In mai sim ce, zagaya da ita tagogin gidan kana duba sandunan sabis, wani lokaci taku biyar ne tsakanin sanda ɗaya da huɗu. In duk bai yi ba, ja kebul ɗin intanet zuwa zauren ka sa tsohuwar rauta a can. Irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da ya rage ƙarfi ba, sai dai ka zura shi cikin bututun roba, saboda rana da ɓeraye.